Pak Tarmuji da Bokitan Yamma

Kowace safiya, da an sallame sallar asuba, Pak Tarmuji, wato Malam Tarmuji, yakan shanye kofinsa a tsaye, ya ɗaura ɗan tsani a bayan babur, ya rataya jarkar ruwa a gefe, ya kama hanyar bakin teku. Aikinsa a tashar wutar lantarki ta garinmu shi ne kula da bokitai. Guda shida ne, kowanne a kan sandar ƙarfe da ta fi tsawon mutum, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Kwal tashar take ƙonawa, kuma duk tokar da ta kuɓuce ta dogon bututun hayaƙi ta sauko ƙasa, doka ta ce a san yawanta. Bokitan nan su ne shaidu. Yakan hau tsani ya leƙa, ya tsince ganye da gashin tsuntsu, ya ƙara ruwa idan rana ta shanye, don kada iska ta sake kwashe abin da ya faɗa ciki. Ƙarshen wata ya sauke su, ya tace ruwan a ɗakin gwaji, ya busar da abin da ya rage a tanda, ya ɗora a sikeli, ya rubuta lamba. Lambar nan ce ke hawa daga teburi zuwa teburi har ta isa ofishin da ake buga mata hatimi, a ce iskar garinmu lafiya lau.

Shekara ashirin da huɗu ya yi yana wannan. A ƙarshen Agustan da ya wuce ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango da kwalin kek. Ban ga wanda ya rubuta masa ko layi ɗaya ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba labarin nasara ba ne, kuma ba zan shafa masa hoda don ya yi kama da shi ba.

Na ce bokitai shida. Shi kuwa tara yake zagayawa, kuma a kan ukun nan na ƙari maganata take.

Lokacin da ake gina tashar, an kawo ƙwararru daga babban birni su zaɓi inda za a kafa bokitan. A watan Janairu suka zo, tsakiyar damina a ƙasarmu. Kwana tara suka yi. Suka duba na'urorinsu, suka ga iska daga yamma take busowa tana tura komai gabas, sai suka ɗiga wurare shida a taswira, duk a gabashin tashar, suka koma gida. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan. Sai dai duk matar da ta taɓa shanya wanki a garin nan ta san daga watan Mayu iska takan juya, ta riƙa busowa daga gabas har ƙarshen Oktoba. Da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai wanke sarari, hayaƙin yamma yake yi, ya bi ta kan ƙauyen Tegalwuni da filayen gishirinsu. Ba wanda ya tambayi mai shanya wanki. Wuraren shida suka shiga takardar izinin tashar, aka buga hatimi, kuma a ƙasar nan abin da hatimi ya hau kansa sai dai a gina hanya a kewaye shi.

Pak Tarmuji ya gano haka a raninsa na farko. Ya je Tegalwuni sayen gishiri wurin wata mata mai suna Rasmi, wadda yanzu kowa ke ce wa Mbah saboda tsufa. Ya tarar gishirin da ta tara ya yi toka-toka. A watan ne kuma bokitansa shida suka fito fes, da ƙyar aka samu abin ɗorawa a sikeli. Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa. Daga nan ya nemo bokitan fenti uku, ya auna bakinsu da zare har ya tabbatar faɗinsu ɗaya da na kamfani. Ya kafa ɗaya a rufin ƙaramin masallacin ƙauyen, ɗaya a bayan makarantar firamare, ɗaya a gefen filin Rasmi. Ƙarshen wata, idan ya gama da na kamfani, sai ya ɗauki lokacin cin abincinsa na rana ya tace nasa, ya busar, ya auna a sikelin nan dai. Lambobin yakan rubuta su a littafin rubutu irin na 'yan firamare. Sun kai littafi goma sha tara.

Kai ne, Pak, wanda ba a sa ba, ba a kuma hana ba, ya zaɓi wahalar. Kai ne mai cin shinkafarsa a tsaye kusa da tanda, don tokar da ke sauka a kan wasu ta samu mai auna ta.

Abin da yake nema bai taɓa wuce abu ɗaya ba: a kafa bokiti guda mai lambar kamfani a yamma. Domin lambar da ta fito daga bokitin fenti, komai nauyinta, babu ofishin da zai karanta ta. Sau uku mai garin Tegalwuni yana kai kuka, sau uku ana nuna masa takarda mai hatimi ya dawo. Saboda haka duk watan Satumba Pak Tarmuji yakan rubuta wa shugaban sashen muhalli wasiƙa. Na ga kwafinsu. Shafi guda cur na gaisuwa da neman afuwa: shi ƙaramin ma'aikaci ne, iliminsa bai kai ba, wataƙila kuskuren nasa ne. Sai a layin ƙarshe, kamar mai danne tari a cikin sahu, ya ce ko za a duba yiwuwar kafa bokiti ɗaya a yamma. Shugabanni biyar suka wuce ta kujerar. Kowannensu ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, Pak, za a duba." Haka muke a nan. Ba ma cewa a'a. Mukan ce za a duba, mai roƙo ya sunkuya ya yi godiya, kowa ya tashi da mutuncinsa, toka ta ci gaba da sauka.

A farkon Yulin bana, saura wata biyu ya bar aiki, jami'a ta turo wata ɗaliba ta yi binciken dogon hutu a sashen. Sunanta Wening, shekararta ta uku a fannin injiniyan muhalli, mai tabarau da saurin magana. Mbak ake ce mata, kamar yadda ake kiran budurwa a nan cikin girmamawa. Shugaban sashen na yanzu, Pak Handoyo, mutum ne mai sanyin hali da gyambon ciki, ba mugu ba. Ya ba ta aiki mai sauƙi: ta tattara lambobin bokitan shida na duk shekarun nan, ta zana su, ta nuna a taron ƙarshen hutu wanda manya daga babban ofishi za su halarta.

Kwana huɗu ta yi tana zane. Rana ta biyar ta samu Pak Tarmuji a ɗakin gwaji yana wanke kwalabe.

"Pak, ka yi haƙuri, tambaya gare ni, amma ta wauta ce."

"Masu wayo sun gama nasu tambayoyin tuntuni, Mbak. Kawo ta wautar mu ji."

"Bokitan nan sun fi tara toka da damina. Da rani kusan babu komai. Ai akasin haka ya kamata a gani. Ko tashar hutu take yi da rani?"

"Da rani ta fi aiki. Kowa ya kunna fanka."

"To ina tokar take zuwa?"

Ya ajiye kwalbar a hankali. Injiniyoyi da masu duba aiki da masu digiri bibbiyu sun bi ta kan lambobin nan shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa yin wannan tambayar.

"Gobe ki zo da baburinki," ya ce. "Kuma kada ki sa farar riga."

Washegari ta bi shi zuwa Tegalwuni. Suka tarar da Mbah Rasmi a tsakiyar filinta, ƙafa ba takalmi, tana jan gishiri da doguwar manjagara. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Ga mai bokiti! Yau har da rakiya? Muji, magajiyar bokitin ka samo, ko likita ka kawo min?"

"Ɗaliba ce, Mbah. Ilimin muhalli take karantawa."

"Muhalli? To ga shi nan, Nduk 'yata, tsuguna ki ɗiba. Kyauta ne, kullum har gida ake kawo mana."

Wening ta tsuguna ta ɗebi gishirin a tafin hannu. Ta murza, yatsunta suka yi baƙi.

"Mai saye ya ce min wannan siminti ne," in ji tsohuwar. "Na ce to ya saya ya yi gini mana. Bai yi dariya ba. Yanzu sai masu jimar fata ke ɗauka, su ma suna yatsina fuska."

"Ba ku kai ƙara ba, Mbah?"

"Mun kai. Aka nuna mana takarda, wai iskarmu ta fi ta kan dutse tsabta. Na ce don Allah a zo a karanta wa gishirin, wataƙila shi ne bai ji ba." Ta juya ta yi tari, ta tofar. "Jikata da ke makarantar can tun watan Yuni take tari. An ce hayaƙin murhu ne. Mu da muka bar girki da itace shekara goma!"

Da la'asar, a barandar gidansa, Pak Tarmuji ya buɗe wani tsohon gwangwanin biskit ya fito da littattafan. Wening ta riƙa buɗe shafi bayan shafi, shayin da aka kawo mata ya huce ba ta taɓa ba. A kowane Agusta, abin da bokitin bayan makaranta ke tarawa ya ninka iyakar da doka ta yarda sau huɗu.

"Pak, me ya hana ka nuna wa wani?"

"Na nuna. An ce za a duba."

"Yaushe?"

"Karon farko? Ba a haife ki ba tukuna."

Yarinyar nan, in faɗi gaskiya, ta san aikinta. Ba ta ruga wurin kowa ba. Ta ce abu na farko da za a ce shi ne bokitin fenti ba bokitin awo ba ne. Saboda haka ta ɗaure bokitin fenti a gefen na kamfani mai lamba uku, su sha iska ɗaya har wata guda a gani ko za su saɓa. Ta je ofishin hasashen yanayi ta kwafo tarihin iska na shekara ashirin. Kullum da safe tana bayansa a hanya, gabas sannan yamma. Shi kuma ya koya mata abin da ba ya cikin littafinta: a rufe ƙofa kafin a buɗe sikeli, a juya fuska gefe don sikelin yana jin numfashi, kada a taɓa takardar tacewa da yatsa ko da an wanke hannu. Ranar da suka sauke bokitan biyu suka auna, bambancinsu bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba. Mai share ɗakin ta ce ta ji Pak Tarmuji ya yi dariya da ƙarfi har ta leƙo, don ba ta taɓa jin muryar dariyarsa ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da ya fahimci abin da take shirin yi, sai ya ja kujera ya zauna gabanta.

"Mbak, saurare ni. Kada ki fito da wannan a gaban baƙi. Ki samu Pak Handoyo shi kaɗai, da hantsi, bayan ya sha shayi. Ki nuna masa kamar gyara kike nema. Ki bari ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa. Idan ya zama tunaninsa ne, zai ɗauka."

"Haka ka yi?"

"Haka ake yi."

"Sau nawa, Pak?"

Ya kalli ƙasa. "Ashirin da uku."

Duk da haka ta je, don girmama shi. Pak Handoyo ya daɗe yana kallon zanen. Ya buɗe durowa ya jefa ƙwayar maganin cikinsa a baki ya tauna.

"Aiki mai kyau, Mbak Wening. Da gaske nake. Amma batun bincikenki bokitai shida ne. Idan na taɓa wuri ɗaya a takardar izini, sai an buɗe takardar gaba ɗaya. Kin san abin da za a tarar a ciki? Ni ban sani ba, kuma saura shekara uku in tafi." Ya miƙa hannu biyu ya karɓi takardun. "Bar min wannan. Za a duba."

Ta fito daga ofishin da kalmar nan tana yi mata ƙara a kunne.

Ranar Juma'a, tsakiyar Agusta, aka yi taron. Ɗaki mai sanyi, kowace kujera da ɗan kwalin ƙwalama a kai, manya uku daga babban ofishi a gaba. Pak Tarmuji yana can baya kusa da ƙofa, inda flas ɗin shayi yake. Wening ta haska zanen bokitan shida a bango, layuka shida kwance a ƙarƙashin iyakar doka kamar kuliyoyi masu barci. Har an fara haɗa hannu za a tafa. Sai ta sake latsawa. Taswira ta fito da kibiyoyin iska, na damina suna nuna gabas, na rani suna nuna yamma. Ta sake latsawa, layuka uku suka miƙe tsaye suka keta iyakar suka wuce. Ta sake latsawa karo na ƙarshe, kuma a nan ta yi kuskuren da ba ta san kuskure ba ne: hoton Pak Tarmuji a kan tsani, da cikakken sunansa da manyan baƙaƙe, a ƙasa an rubuta, wanda ya auna. An koya mata a jami'a cewa ba a cin aikin mutum a ɓoye sunansa. Karramawa ta nufa.

Babban baƙon ya yi murmushi, kuma duk wanda ya girma a nan ya san irin wannan murmushin. Ya juya kujerarsa ya nemi mai hoton a bayan ɗaki.

"Abin sha'awa. Pak Tarmuji ko? A wane sikeli ka auna waɗannan?"

"Na ɗakin gwaji, Pak."

"Da izinin wa?"

"A lokacin abincina nake yi, Pak."

"Ba lokacin na tambaya ba."

Minti arba'in aka yi ana magana bayan nan, kuma mai zuba shayi ta rantse ba ta ji an ambaci toka ko sau ɗaya ba. An yi maganar sikeli, an yi maganar tanda, an yi maganar ko akwai bokitin fenti a cikin ƙa'ida. Wening ta ce ta gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na kamfani. Aka ce wata ɗaya bai isa hujja ba. Ta ce akwai na shekara ashirin da huɗu. Aka ce ai waɗannan ba a gwada su ba. Daga nan aka yi addu'a, aka ɗauki hoto.

Ranar Litinin aka karɓe makullin ɗakin gwaji daga hannunsa, cikin ladabi, da hannu biyu. Makonni biyun da suka rage masa a bakin aiki, ban ruwan furannin gaban ofis aka ba shi. A nan Wening ta same shi, idanunta sun kumbura.

"Pak, ni na jawo maka. So na yi a san kai ne."

"Ai an sani yanzu." Ya kashe famfo, ya share gefen dakali da tafinsa. "Zauna, Nduk."

Wannan ne karo na farko da ya kira ta da sunan da uba ke kiran 'yarsa. Ta zauna tana shessheƙa.

"Na yi ta raɗa shekara ashirin da uku, ba a ji ba. Ke kin ɗaga murya, an ji, an toshe kunne. Da can ba sa ma buƙatar ɗaga hannu su toshe. Kin sa su aiki." Ya kalli ƙofar ɗakin gwaji. "Sikelin kawai nake jin ciwo. Agusta bai ƙare ba, kuma Agusta ne ya fi nauyi."

Garin ya rabu biyu a kan yarinyar. Masu yawa sun ce ba ta da tarbiyya, ta kunyata shugabanta a gaban baƙi, kuma da ta bi a hankali da an samu biyan buƙata. Wannan maganar tun ina ƙarama nake jin ta, kuma na tsufa ban ga inda ta haihu ba. A hankali ɗin nan Pak Tarmuji ya bi, da tawali'un da babu wanda zai ce ya gaza a kai, har gashinsa ya yi fari. Ni ma da na yi shekara talatin ina koyar da kimiyya, na sha faɗa wa yara cewa abin da aka auna ba ya ƙarya. Da ma na ƙara musu da cewa sikeli ba ya tambayar inda aka ajiye bokiti. Abin da ke tayar min da hankali shi ne an gwada hanyoyin biyu a kan bango ɗaya, ta mai haƙuri da ta mai zafin kai, kuma bangon yana nan.

Ranar bikin sallamarsa, bayan an miƙa masa agogon, Pak Handoyo ya tashi ya ce yana da albishir. Babban ofishi ya duba maganar. An amince a kafa bokiti ɗaya mai lambar kamfani a yamma, a Tegalwuni, na gwaji, har wata uku. Idan ba a ga wani abin damuwa ba, an rufe maganar ke nan. Za a fara daga watan Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu.

Aka tafa sosai. Wasu har suka juyo suna taya Pak Tarmuji murna. Shi kuwa yana tsaye da agogo rungume a ƙirji, ya sunkuya ya ce ya gode. Wening, wadda aka gayyata don a nuna babu riƙo, ta miƙe ta fita, aka ji ƙarar baburinta.

Disamba zuwa Fabrairu iska daga yamma take busowa, ruwan sama kuma kusan kullum. Bokitin zai fito fes. Za a rubuta lambarsa, a buga mata hatimi. Da can yamma ba ta da lamba ko ɗaya, mai gari yana iya cewa ba a taɓa aunawa ba. Daga Maris za ta samu lamba, kuma lambar za ta ce babu komai. Abin da ya roƙa shekara ashirin da uku an ba shi, a watannin da zai zama shaida a kan mutanen da ya roƙa dominsu. Ban sani ba ko da gangan aka zaɓi watannin. An ce wai takardu ne ba za su gama zagaye ba kafin Disamba. Na fi tsoron a ce gaskiya ne, a ce har yau babu wanda ya tuna ya tambayi mai shanya wanki.

Da aka kai wa Mbah Rasmi labari, ba ta yi barkwanci ba. Ta jingina manjagararta ta ce bana ce ta ƙarshe, baɗi ba za ta tare ruwan teku ba, jikar kuma za a kai ta wurin 'yar'uwar babanta a kudu. Rahoton Wening ya koma jami'a bayan kamfani ya sa hannu, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Shafi goma sha ɗaya na yamma ba sa ciki.

Ranar ɗaya ga Satumba, da aka sallame asuba, matarsa ta ji yana ɗaura tsani.

"Pak, ka manta ne? Ka yi ritaya."

"Daga bokitai shida na yi ritaya, uwargida. Ukun nawa ne."

Yanzu ba shi da tanda, ba shi da sikeli. Yakan tace ruwan da takardar tace kofi, ya shanya a faranti ƙarƙashin gilashin taga, ya ƙulle tokar a 'yar leda, ya rubuta wuri da wata. Na Agusta ma yana nan a ƙulle. A ƙarshen Satumba sai ga Wening ta sauko daga motar haya bayan tafiyar awa huɗu. Ta miƙa masa wata takarda da hannu biyu: izini a rubuce daga malaminta, da hatimi, na yin amfani da sikelin jami'a. Ya karanta har sau biyu.

"Kin koyi wani abu a hutun nan ashe."

"Na koyi rufe ƙofa kafin in buɗe sikeli, Pak."

Ta kwashe ledojin shida ta zuba a jaka. Bayan kwana uku ta aiko da lambobin ta waya, ya buɗe littafi na ashirin ya rubuta su. Sun fi na bara. Wa zai karanta, ban sani ba. Shi ma bai sani ba.

Kai ne, Pak Tarmuji, mai bokitan yamma. Kai ne ka riƙe gaskiyar da ba a tambaye ka ba, ka busar da ita, ka auna, ka ajiye a gwangwanin biskit har ranar da wata ta zo da tambayar wauta ta same ka a shirye. Ba ka ceci gishirin Mbah Rasmi ba, ba ka matsar da sanda ko ɗaya ba, kuma ba zan ce maka lokaci zai yi maka sakayya ba, don na ga lokaci yana wucewa ta kan irinka bai waiwayo ba. Amma saboda kai, babu wanda zai iya cewa ba a sani ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfin hawa tsani.

Ku kuma da ke riƙe da sikeli a wasu garuruwan, da ku ɗalibai da za a turo baɗi a ba ku lambobi ku zana, kafin ku yarda da lamba ku fita waje ku ga inda wankin mutane ke kaɗawa. Idan ba inda bokiti yake ba ne, ku nemi bokitin fenti. A Disamba za a zo da mota da mai ɗaukar hoto a kafa sabuwar sanda a Tegalwuni, a cikin ruwan sama. A ƙarshen Fabrairu za a cire ta. A watan Mayu iska za ta juya, kuma abin da zai rage a yamma baki buɗe yana kallon sama shi ne bokitan fenti uku na wani tsoho.